Sa'adu Da Aminu: Amincin Da Kabari Bai Raba Ba

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta da ke ɓoye wannan mujalla a tsakiyar littafin lissafi suna karantawa a ƙarƙashin benci. Don Allah in malami na aji a riƙa rufe ta, ba gudu za ta yi ba.

Duk wadda ta saba karanta littattafan soyayya na Hausa ta san irin matsayin da ake ba ƙawa a cikinsu. In ba ita ce 'yar aike mai kai saƙo tsakanin masoya ba, to ita ce munafukar da za ta zagaya ta bayan gida ta aure saurayin, ko ta kai sunan amarya wurin boka. Da wuya ki karanta littafi uku a jere ba ki tarar da aminiya ta ci amanar aminiyarta ba. Saƙonnin da kuke aiko mana ma haka suke, in ba kuka da saurayi ba, kuka da ƙawa. Har wata yarinya 'yar aji biyar ta rubuto mini cewa ita kam ta yanke shawara, ba za ta ƙara yin aminiya ba har ta koma ga Allah, domin wai duk mutane macuta ne. Shekararta goma sha shida fa! Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa yau na ajiye labarin masoya gefe guda, na ɗauko muku labarin wani aminci wanda ba ni na ƙaga shi ba, ya faru da gaske a ƙasar nan, kuma sunayen masu shi suna nan rubuce a jikin jami'o'in da wasunku ke burin shiga. Maza ne, na sani. Ku yi haƙuri ku bi ni, za mu zo kanmu mu mata.

Labarin ya faro ne daga wata makaranta. A shekarar 1921 Turawan mulkin mallaka suka buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malaman makaranta. Daga kowane lardi na Arewa ake tsamo yara ƙalilan masu ƙwaƙwalwa a kai su can, su yi shekaru tare, ci tare, kwana tare, shan horo tare. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, kuma tun 1971 ake kiranta Kwalejin Barewa. Shugabannin Nijeriya biyar ne suka sha ruwanta: Tafawa Balewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tsohon gininta na Katsina yana nan, an mai da shi gidan tarihi. A wancan zamani babu irin wannan kwaleji ta mata a Arewa, wannan kuma wani zance ne na daban mai ɗaci, bari in bar shi a nan.

Cikin yaran da Bauchi ta aika Katsina akwai guda biyu da suka yi zamani ɗaya. Ɗaya shi ne Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya shiga a 1928 ya fita a 1933, mai sanyin hali da daɗin murya, wanda mu marubuta muke alfahari da shi saboda shi ya rubuta Shaihu Umar. Ɗayan kuwa shi ne Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, ɗan gidan malamai, wanda tun kafin ya iya boko sosai ya riga ya yi nisa a Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu. Kaifin basirarsa ya sa a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas. Ki duba fa, a lokacin da zuwa Legas daga Bauchi tafiya ce ta a yafi juna. Bayan nan ya koyar a makarantar koyon tsabta da kiwon lafiya a Zariya, inda ya fara tara matasa masu ilimin boko suna tattauna halin da ƙasa ke ciki, har ciwon ƙirji ya kama shi ya dawo da shi gida Bauchi.

Na ukunsu ƙaninsu ne a shekaru da kuma a makaranta. An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, shi ma ɗan gidan malamai da alƙalai. Ya shiga wannan kwaleji a 1937, ya gama a 1942 lokacin ta riga ta koma Kaduna, sai aka tura shi koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, baƙo a gari, ba dangin iya ba na baba. A makarantar ya tarar da Malam Abubakar yana koyarwa, a cikin gari kuma ya tarar da Malam Sa'adu yana jinya.

To a nan ne abin ya haɗu. Ni dai a matsayina na mai rubuta labari, in na rufe ido ina iya kwatanta su a raina: zaure, tabarma, fitilar ƙwai, littattafan Larabci da na Turanci a barbaje, babban yana magana tari na katse shi, ƙaramin yana musu da shi don bai iya jin magana ya yi shiru ba. Wannan kwatance nawa ne. Abin da yake tabbas shi ne Malam Aminu ya samu a wurin Malam Sa'adu abin da ya daɗe yana nema, wato mutumin da ya san addini ciki da bai, ya kuma san boko, wanda zai iya kafa hujja da littafi cewa zaluntar talaka ba ya cikin Musulunci, ko wane ne ya yi shi, ko da rawani a kansa. A zamanin nan duk ɗan bokon da ya soki hukuma sai a ce Turawa sun lalata shi, ya bar hanya. Malam Sa'adu kuwa ba a iya yi masa wannan sharri, don in aka zo fagen ayoyi da hadisai shi zai kayar da mai zargin. Har ƙarshen rayuwarsa Malam Aminu bai taɓa ɓoye cewa a wurin Sa'adu ya sha nonon siyasa ba.

A 1943 aka kafa wani zauren muhawara a Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki ke haɗuwa ana tattauna al'amuran jama'a. Su ukun duk suna ciki. Da farko hukuma ta ɗauka 'yar hira ce ta 'yan boko, a sha iska a watse. Ashe ba haka ba. Sai ga samari suna tambayar abin da ba a saba tambaya ba: ina kuɗin harajin talaka yake tafiya, don me ake aikin tilas, me ya sa Bature ke mulki ta hannun sarakuna ba mai iya cewa uffan. Da zancen ya yi zafi aka rufe zauren, su kuma suka sake kafa wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauchi suka ci gaba da abinsu. Masana tarihi na lissafa wannan zama na Bauchi cikin tushen siyasar Arewa ta zamani. Ku lura da kyau, ba kuɗi gare su ba, ba sarauta, albashin malamin makaranta ne kawai da kai mai aiki.

Daga nan hanya ta fara rabuwa, kamar yadda takan rabu wa duk 'yan makaranta. Malam Abubakar ya tafi karo ilimi Landan a 1945, Malam Aminu ya bi bayansa a 1946. Malam Sa'adu kuwa ya koma Legas, a 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta su Nnamdi Azikiwe, kafin daga baya ya dawo Arewa. An ɗauke Malam Aminu daga Bauchi an kai shi kwalejin horon malamai ta Maru a ƙasar Sakkwato, kuma a 1950 ya ajiye aikin gwamnati gaba ɗaya ya shiga jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara. A 1953 ya zama shugabanta. Malam Abubakar shi kuma ya tsaya a NPC, jam'iyyar su Sardauna, har ya zama Firayim Minista a 1957.

Kada wata ta ɗauka Tafawa Balewa shi ne mugun cikin labarin, irin na littattafanmu da dole sai an sami wanda za a tsine wa. Ko kaɗan. Shi ne ma a 1950 ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara, maganar da ta girgiza manya a lokacin. Ciwon da suke gani ɗaya ne, maganin ne kowa da nasa. Shi yana ganin a bi a hankali daga cikin gida, su Aminu da Sa'adu suna ganin talaka ya gaji da jira. Kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan hanya, ɗauri da bulala da kora daga gari, har da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba wadda aka sha kai ta kurkuku.

Duk wannan guguwa da ake yi, Malam Sa'adu yana fama da jikinsa. Ciwon nan bai sake shi ba, yau sauƙi gobe kwanciya. Wanda a da shi ke gaba, sai ya zamana ƙaninsa ne ke zagaya garuruwa yana lacca, sunansa na tashi, shi kuma yana gida. Amma alƙalaminsa bai kwanta ba. Da yawanmu a ajin Hausa muka fara jin sunansa, ta hanyar waƙoƙinsa: Maraba da Soja, wadda ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, da Waƙar Bidi'a, da kuma Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakunan Arewa da su riƙe adalci su rungumi ilimi tun kafin zamani ya juya musu baya. Lokacin da muke haddace baitocin don cin jarrabawa, wallahi ba wadda ta kawo a ranta cewa mai waƙar nan majinyaci ne da numfashi ke yi wa wuya.

A 1958 Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Saura shekara biyu kacal a sami 'yancin kan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema. Bai ga an sauke tutar Ingila ba, bai riƙe minista ba, bai tara komai ba. Allah Sarki. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Kuka a ranar mutuwa ba wuya gare shi ba, kowa na yi, har wanda bai san mamacin ba in ya ga ana yi sai ya taya. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, shi ke nan kowa ya kama gabansa, sai dai in an ga mai kama da shi a ce Allah ya jiƙan wane. Haka duniya take, ba na zargin kowa. Shi kuwa Malam Aminu duniya ta buɗe masa bayan rasuwar amininsa. A 1959 ya ci zaɓe ya tafi majalisar tarayya a Legas. A 1966 sojoji suka kashe Tafawa Balewa da Sardauna, ƙasa ta rikice, aka shiga yaƙin basasa a 1967. A gwamnatin Janar Gowon aka naɗa shi kwamishinan tarayya, wato abin da muke kira minista a yau, ya riƙe sadarwa, daga baya ya riƙe lafiya. Mutum ne da ƙofarsa ba ta rabuwa da jama'a, wannan na neman aiki, wancan an ƙwace masa gona, waccan an ɗaure mata miji.

A cikin wannan hali, a 1973, shekara goma sha biyar cif bayan an binne Malam Sa'adu, sai ga littafi ya fito daga kamfanin NNPC na Zariya (na ɗab'in littattafai nake nufi, ba na man fetur ba) mai suna Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur. Marubucinsa Aminu Kano.

Ni da nake rubutu na san abin da littafi ke ci. Yana cin barci, yana cin hira, yana cin ido. Mu da muke ƙirƙirar labari ma, da muke da ikon kashe wanda muka ga dama mu aurar da wadda muka ga dama, sai mun yi wata da watanni muna fama. Balle a ce rayuwar mutum ta gaskiya za ka bi daki-daki, ka tuno wannan, ka tambayi wancan, ka tabbatar ba ka yi wa mamaci ƙarya ba. Kuma don me? Mamaci ba shi da ƙuri'a, ba ya ba da kwangila, ba zai ma ce an gode ba. Wani in ya yi suna ƙoƙari yake ya binne duk wanda ya koya masa, don a ce shi kaɗai ya haifi kansa. Mun sha gani, ko a cikinmu marubuta. Shi kuwa wannan bawan Allah yana kan ganiyarsa ya ɗauki alƙalami ya nuna wa duniya inda ya ɗebo ruwan. Sannan da Hausa ya rubuta, alhali ya iya Turancin da zai burge Turawa, domin ɗan makarantar firamare da tela da mai shayi su iya karantawa su san wane ne Sa'adu. Wannan wurin ya fi komai burge ni.

Shekara ɗaya bayan nan, a 1974, Dandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya fitar da nasa littafin a kan waƙoƙin Malam Sa'adu da rayuwarsa da ra'ayoyinsa. Daga nan ɗalibai da malaman jami'a suka yi ta nazari a kansa.

Shi ma Malam Aminu ya cika ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana shirin sake takarar shugaban ƙasa a jam'iyyarsa ta PRP, kuma abin da ya kamata kowace mace ta sani, mace ya ɗauka ta zama mataimakiyarsa a wannan takara. Shekara ashirin da biyar ya yi a duniya bayan amininsa.

Sai bayan duk sun kwanta dama jami'o'i suka zo da tasu karramawar. Ba ɗayansu da ya yi karatu a cikinsu, don a ƙuruciyarsu babu jami'a ko ɗaya a Arewa, sai a 1962 aka buɗe ta Ahmadu Bello a Zariya. Jami'o'in garuruwansu ne suka ɗauke su a matsayin nasu. Ta Bauchi an kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, a 1984 aka haɗe ta da ta Zariya aka sa mata sunan Tafawa Balewa, a 1988 ta koma cin gashin kanta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. A Kano, asibitin koyarwa na Jami'ar Bayero sunan Malam Aminu yake ɗauke da shi, sannan gidansa na Gwammaja ya koma hannun jami'ar, inda tun shekarar 2000 take gudanar da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da sunansa. Malam Sa'adu shi ya fi daɗewa yana jira. Jami'ar Jihar Bauchi da ke Gadau, can wajen Azare, ta fara aiki a 2011, kuma sai a zamanin Gwamna Bala Mohammed, wanda ya hau mulki a 2019, aka mayar da sunanta Jami'ar Sa'adu Zungur. Ki lissafa da kanki, fiye da shekara sittin ke nan bayan rasuwarsa.

Na ji daɗin wannan karramawa, kuma sun cancanta. Amma in faɗa muku gaskiya, ni na fi son irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi wa Alhaji Mamman Shata a 1988, da ta ba shi digirin girmamawa na dakta yana raye, ya sa rigar da hular da kansa, ya ji tafin da kunnensa, ya ƙara shekara goma sha ɗaya ana ce masa Dakta. Suna a bakin ƙofa kuwa wani abu ne mai saurin zama sunan tasha. Yau a Kano in kika tare ɗan adaidaita kika ce asibitin Malam, zai kai ki ba tare da ya tuna wane Malam ba. Ɗalibai sun taƙaita na Bauchi ya koma haruffa huɗu. Yarinyar da za ta sami gurbin karatu a Gadau za ta rubuta Sa'adu Zungur a kan kowace takarda tata har shekara huɗu, ta yiwu ta fita ba ta san ko soja ne ko ɗan kasuwa ba. Ranar da ta so sani, ba allon bakin ƙofa ne zai gaya mata ba, littafin amininsa za ta nema. Ina ma da shakkar ko masu sa suna za su tuna da shi bayan shekara sittin, da a ce a tsakani ba a sami masu ambatonsa a lacca da masu rubuta shi a takarda ba.

To, mu dawo kanmu. Me ya sa amincin maza na makaranta ke kaiwa tsufa, namu kuwa da wuya ya wuce haihuwar fari? Kada ku ce mini don mata sun fi munafunci ne, ban yarda ba, na ga munafukan maza da idona. Maza suna da majalisa a ƙofar gida, suna da masallaci da kasuwa da ofis, suna da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, 'yan Barewa ma tasu ta shahara. Namiji in ya yi aure yana nan a unguwarsu da abokansa. Mace kuwa ɗaukarta ake yi cak a kai ta wata unguwa ko wani gari, fita sai da izini, kuma da an ga ƙawa ta cika zuwa sai dangin miji su fara cewa ita ke zuga ta. Wani mijin tun daren farko yake kafa doka, ba ya son tarkacen ƙawaye. Akwai ƙawayen banza masu kashe aure, wannan gaskiya ne, amma saboda su sai a haɗa da na kirki a kore, a bar yarinya ita kaɗai a tsakar gida ba wadda za ta gaya mata gaskiya.

Ina da aminiya da muka yi makarantar kwana tare, gadonmu ɗaya mai hawa biyu, ita a sama ni a ƙasa. Mun sha kwaɗon garin kwaki da ƙuli-ƙuli a murfin bokiti, mun sha kamun sanyin asuba a layin famfo. Ita ce mutum ta farko da ta karanta labarina na farko, wanda na rubuta a littafin aikin gida da jan biro da shuɗi, ta karanta shi da tocila a cikin bargo bayan an kashe fitila. Da safe ta dube ni ta ce jarumar tawa ta cika kuka, mace ba ta rasa wayo haka. Na yi fushi na yini ban kula ta ba, da dare na zauna na gyara. Muna aji biyar aka cire ta aka yi mata aure, aka kai ta wani gari mai nisa, ba ta zana jarrabawar fita ba, alhali ta fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, musamman a lissafi. Mijin ya karɓe wayarta shekara guda cur. Ta hannun ƙanwarta nake aika mata wasiƙa irin ta da, a ninke a cikin kayan yaji. Yau 'ya'yanta uku, an mayar mata da wayar, kuma har gobe ba na kai littafi wurin bugawa sai ta karanta ta yi mini gyaranta mai zafi. Ba jami'ar da za ta sa sunanta a ƙofa. Amma duk wadda ta taɓa jin daɗin wani littafi nawa, da hannunta a ciki.

Abin da na lura da shi, a nata da nawa da kuma na su Malam, shi ne amincin da ke daɗewa yana da abin da ya riƙe shi banda hira. Su Malam Sa'adu karatu ya haɗa su da damuwa da halin talaka, shi ya sa ko da ɗaya yana Legas ɗaya yana Maru igiyar ba ta tsinke ba. In kuwa duk abin da ya haɗa ki da ƙawarki zancen samari ne da anko da wace ce ta fi wata kyau, to ranar da saurayi ɗaya ya gifta tsakaninku ba abin da zai rage, don dama shi ne jarin. Irin wannan ƙawancen ne ya cika littattafai, shi ne kuma ya ƙona yarinyar nan da ta rubuto mini. Zauren WhatsApp na 'yan ajinku da ba a tunawa da shi sai za a tara kuɗin biki, shi ma yana da amfaninsa, amma ki duba cikinsa ki ga wace ce za ta karanta abin da kika rubuta ta ce bai yi ba, wace ce za ta zauna da ke ku warware lissafin da ya gagare ki, wace ce in an cire ki daga makaranta za ta riƙa kawo miki littattafanta. Kuma in ra'ayinku ya saɓa, kamar yadda na Malam Abubakar ya saɓa da na sauran biyun, ba dole ne ta zama maƙiyiya ba.

Waɗanda ke Kano, ku roƙi malamar Hausa ko malamin tarihi su shirya muku ziyara gidan Malam Aminu a Gwammaja, ba nisa, kuma kabarinsa yana cikin gidan. Duk shekara a watan Afrilu cibiyar takan shirya taron tunawa da shi, manyan malamai su yi jawabi. In kun je ku tambayi masu kula da ɗakin karatu labarin Sa'adu Zungur, ku ga yadda zancen ɗaya ba ya tafiya sai an jawo ɗayan. Gidan Mambayya ake kiran wurin, haka jami'a ke rubutawa a takardunta, haka 'yan adaidaita suka san shi. Mambayya kuwa laƙabin mace ne, mahaifiyar Malam, Rakiya.